Tabon Kuncin Hagu

Iya ce ta fara magana. Ina durƙushe a tsakar ɗakinta, na danne takardar da hannu biyu don kada ta sake naɗewa, ita kuma ta sunkuyo har ina jin ƙamshin goro a numfashinta. Ta daɗe tana kallo da idanun nan nata da yana ta fara rufewa, sannan ta ce, "Uwarki ce sak."

A daidai lokacin idona ya sauka a kuncin hagu na fuskar da ke jikin takardar. Wani wuri ne mai faɗin yatsa uku, ya taso daga ƙarƙashin ido ya gangaro zuwa muƙamuƙi, launinsa daban da na sauran fuskar: ja-ja ne mai haske, kamar tasar jan ƙarfe da aka goge da tsamiya. Na san launin nan. Ina 'yar shekara bakwai na gan shi a kuncin mahaifiyata, kafin a kai ta asibitin kutare can wajen Zariya, inda ba ta dawo ba.

Iya ita ta haifi mahaifiyata. Ubana ya rasu ina goye, saboda haka a hannunta na tashi, a gidan kawuna da ke Gubuchi, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. A gidanmu ba a kiran kuturta da sunanta. "Ciwon nan" ake cewa, a kuma rage murya. Abin da ya fi zama mini a rai ba tafiyar mahaifiyata ba ce, kwanonta ne. Iya da kanta ta ɗaura baƙin zare a murfinsa don kada ya haɗu da namu. Takan ajiye mata shi a bakin ƙofa, ta juya ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba, ko da babu abin da ke kan wuta.

Ranar da nake ba da labari, kwana ɗaya ke nan da dawowata daga makarantar 'yan mata ta kwana. Na gama, ina jiran takardar da za ta tura ni koyarwa a Kudan. Zanen kuwa ƙawata ce ta yi, wata 'yar kudancin Zariya da muke aji ɗaya. Malamarmu ta zane Baturiya ce, takan ba mu garin fenti mu dama da ruwa da ƙaro. Mu sauran tukunya da ƙwarya muke zanawa don dai mu ci jarrabawa, ita kuwa ƙawata mutane take zanawa, kuma ba ta taɓa ba mutum launin da Allah ya ba shi ba. A makonmu na ƙarshe ta zaunar da ni gefen tagar aji da yamma, bayan an ɗauke ruwa, ina sanye da farar rigar makaranta. Ta ce, "Kin ƙame kamar wadda aka kai gaban alƙali. Yi mini hira, fuskarki ta mutu." Na ce hirar me? Ta ce ko ta mece ce. Sai na ba ta labarin Iya, yadda take yi wa akuyarta faɗa kamar mutum, har ta tsaya tana jiran amsa. Ta gama, ta hana ni gani. Sai a tashar mota ta miƙo mini shi a naɗe, ta ce kada in buɗe sai na isa gida.

"Naɗe abinki," in ji Iya, "kafin kawunki ya gani ya ce mun kori mala'iku daga ɗaki. Amma yarinyar nan ba ta da kirki. Ji yadda ta shafa miki shuni a goshi, kamar wadda ta faɗa marina."

Ta yi dariya, ta kawo hannu za ta kama haɓata yadda ta saba tun ina ƙarama. Na kauce. Ban yi niyya ba, jikina ne ya kauce da kansa. Hannunta ya ɗan tsaya a wurin, sannan ta mayar da shi ta gyara ɗankwalinta.

Da ta fita alwala na ɗauko ɗan madubina na je bakin ƙofa. Da farko ban ga kome ba. Na juya fuska, na karkata, na ja fatar da yatsa. Sai ga shi, kusa da muƙamuƙi, ɗan wuri kamar ƙwayar gurjiya, ya fi sauran fatar haske kaɗan. Ban san tun yaushe yake nan ba. Abin da na sani shi ne ƙawata ta yi yamma guda tana kallon fuskata, kallon da ni kaina ban taɓa yi mata ba, kuma idonta ba ya barin kome.

A makaranta an koya mana ciwon nan a darasin tsabta. Yana farawa da tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, yana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru kafin ya fito, kuma waɗanda suka daɗe suna zama tare da mai ciwon su ya fi kamawa. Na rubuta wannan da hannuna, na ci maki mai kyau a kansa. Na ɗauko allurar ɗinki na soka a wurin. Na ji zafi. Na soka a kuncin dama, sai na ga kamar wannan ya fi zafi. Na koma na hagu. Na yi ta yi har ban ƙara sanin wanne ne wanne ba.

Na yi tunanin asibitin En'e da ke Makarfi. Amma malamin wurin abokin Kawu ne, kuma budurwa ba ta tafiya Makarfi ba a san dalili ba. Na yi tunanin gaya wa Iya. Sai na ga baƙin zaren nan, na ga bayanta tana shiga madafa. Na ce matar nan ta ɗaura zare sau ɗaya, ba zan sa ta sake ba. Ni zan ɗaura wa kaina, ba tare da kowa ya sani ba, har in ga abin da Allah zai yi.

Da la'asar ta kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa a akushinmu, ta tura shi tsakaninmu, ta yi bisimilla. Na buɗe akwati na ɗauko farantina na makaranta da cokali, na gutsuri tuwo na zuba miya, na matsa gefe.

"To fa," in ji Iya. "Malama, mu ma a ba mu cokalin mana, mu ji abin da Turawa ke ji."

"Sabo ne kawai, Iya."

"Sabo. Duk hutun da kike zuwa ba ki saba ba sai yau da kika zama Razdan."

Matar Kawu tana wucewa da tsintsiya ta leƙo. "A'a, Baturiyar gidanmu ta fara aiki. Iya, sai ki nemo mata tebur." Suka yi dariya, ni ma na yi. Iya ta ci loma uku ta rufe akushi, ta ce goro ya cika mata ciki.

Daga nan na nemi tabarmata daban, na ce zafi nake ji. Na ware butata. Ranar da ta kira ni kitso na ce kaina yana ciwo, na je na kama gashin da kaina gida huɗu, duk a karkace. Na fara jan mayafi ina rufe gefen fuska. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da ta yi mini ba'a a kansa, amma ba'ar tana raguwa, har ranar da na ɗauke tabarma ta kalle ni kawai.

Kullum in ta fita tsakar gida sai in buɗe akwati in shimfiɗa takardar. Ba kallon kaina nake yi ba, tambayarta nake yi. Malamarmu ta sha gaya mana inuwa ba baƙa ba ce, haske kuma ba fari ba ne, kowanne yana aron launi daga abin da ke kusa da shi. Sai in bi fuskar da wannan karatu. Shunin goshi na gane shi, inuwar ɗankwali ce. Kore-koren da ke ƙarƙashin ido, kamar ruwan da aka dafa rama, na ce gajiyar jarrabawa ce. Leɓe ta yi shi launin zoɓo, ɗan buɗe, ana tsakiyar magana. Bayan kan duka duhu ne, irin na bangon ƙasa da ruwan sama ya jiƙa, ta ja shi da gaggawa har ana ganin sawun gashin buroshi. Idanun ba sa kallon mai kallo. Sun sauka ƙasa ta gefen hagu, kamar na wanda ke sauraron muryar da ke wani ɗaki. Duk wannan ina iya karantawa. In na zo kuncin sai karatun ya tsaya.

Da safe, in rana ta shigo ta ƙofa, wurin yakan yi kama da haske, har fuskar ta zama kamar ta mai shirin dariya. A irin wannan lokaci nakan ce kai, ai rana ce kawai, bari in fita in zauna kusa da Iya. Da azahar sai ya dushe ya koma kamar ƙura. Da yamma kuwa, in hadari ya taso ɗakin ya yi duhu, sauran launukan duk sai su nutse, shi kaɗai ya rage yana ƙuna a kan takardar, idanun nan da suka sauka ƙasa su zama na wadda ta san abin da ke jikinta tana jin kunyar faɗa. Fuska ɗaya, fenti ɗaya, amma sau uku take canja mini magana a yini. Na kuma lura kullum maganar yamma nake yarda da ita.

Na rubuta wa ƙawata wasiƙa sau biyu. Ta farko na tambaye ta kai tsaye me ta gani a fuskata, na yaga. Ta biyu na yi ta kewaye-kewaye har ni kaina ban gane tambayar ba. Ita ma na yaga, don duk wasiƙa ta hannun Kawu take fita.

Wata ranar Juma'a Iya ta ce in ara mata sabulun makarantata. Na miƙa mata a kan murfin kwano. Ta zauna a bakin ƙofa ta wanke hannu, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu, ta bi ƙarƙashin farce da tsinke. Sau uku ta yi. Sannan ta ɗauko akushi ta ajiye, ta miƙo mini hannuwan, ciki da baya.

"Duba, Malama. Sun fita?"

"Haba Iya, hannunki ai kullum fes yake."

"To zo mu ci."

Na ce cikina ne ba daɗi. Ta kalli tuwon. Sannan ta tura mayafinta baya, ta buɗe damatsanta, ta juya mini wuya, ta ɗaga ƙafa ta nuna mini tafin.

"Na san abin da aka koya miki a can," ta ce, a hankali don kada matar Kawu ta ji. "An ce miki gidanmu gidan ciwon nan ne. Gaskiya ne, ni na yi jinyarta, ni na wanke mata. Amma ba ni da shi, 'yar nan. Shekara goma sha biyu duk safiya sai na duba jikina, saboda ke. Zo ki duba da kanki, ke kika yi karatu."

A ranar ya kamata in faɗa. Maganar ta zo har bakina. Da na ce, Iya, ba ke nake gudu ba, ni ce, da ko me zai biyo baya ya biyo. Amma na kalli damatsan nan nata sirara da ta buɗe mini kamar yarinya a gaban malamin asibiti, na ce in na faɗa, a nan za ta faɗi. Sai na ce, "Na yarda, Iya. Rufe jikinki, akwai sanyi."

Ta rufe. Ba ta ƙara kirana akushi ba.

A cikin kwanakin nan ne na ga abin da ya kusa taɓa mini hankali. Tabon da ke takardar ya fara girma. Da farko na ce idona ne. Na auna da yatsa: da uku ne, yanzu ya kusa huɗu. Gefensa da yake a tsaye ya baje, ya miƙa wajen kunne, tsakiyarsa ta yi dauɗa-dauɗa. Na duba madubi, nawa na jiki yana nan kamar gurjiya, sai dai ya yi ɓawo saboda allura. Na yi karatu, na san takarda ba ta ciwo. Duk da haka in na dawo daga rijiya, ko daga kai wa Kawu abinci gona, na buɗe akwati, sai in tarar ya ƙara bajewa. Na ce zanen nan yana gabana ne, yana nuna mini inda zan je. Na daina cin abinci sosai. Matar Kawu ta ce soyayya ce, wani malamin makaranta ya tafi da ni. Na bar ta a haka.

Gero yana fitar da kai zazzaɓi ya kama Iya, ya sauka mata a ƙirji. Na yi mata duk abin da ake yi daga nesa. Na dama kunu, na dafa sassaƙe, na wanke zannuwa, na share ɗaki. In za a ɗaga ta sai in kira matar Kawu, ita kuma ta zo tana cewa, "Hannunki na zinariya ne? Matar nan ta goya ki har ƙafarki tana jan ƙasa." In Iya ta ce ƙafarta na ciwo, sai in naɗe hannuna da tsumma in matsa mata, in ce don ɗumi ne.

Ranar ta ƙarshe, bayan la'asar, ruwa yana zuba a hankali, daga ni sai ita a ɗaki. Ta ɗan farfaɗo har ta tambayi akuyarta, ko an shigar da ita.

"An shigar, Iya."

"Kada ki yarda da ita. Munafuka ce."

Na yi dariya, ita ma ta motsa baki. Sannan ta fito da hannu daga cikin bargo, ta miƙo shi sama wajen fuskata. Na san abin da take so. Na ja gefen mayafina na rufe hannuna, na tare nata a hanya na riƙe. Yatsunta suka yi ta lalube a kan mayafin, suna neman inda fata take. Ba su samu ba. Ta ce, "To." Ta juya fuska wajen bango. Kafin magariba ta cika.

Da mata suka shiga yi mata wanka aka ce in zo in zuba ruwa, ni ce jikarta ta ɗaki. Na ce ba zan iya ba. Wata tsohuwa ta ce a ƙyale ni, baƙin ciki ne. Matar Kawu kuwa, kallon da ta yi mini ya isa.

Bayan sadakar bakwai takardar Kudan ta iso. A ƙasanta an rubuta sai na kawo shaidar lafiya kafin in kama aiki, kuma a asibitin Ikara za a duba ni. Ban ji tsoro yadda na zata ba. Wadda nake ɓoyewa dominta ta tafi. Ranar kasuwa Kawu ya ɗauke ni a babbar motar da ke kai buhunan hatsi. Na sa zanen a cikin littafina na tsabta, ban san dalili ba, wataƙila don in aka tambaye ni yaushe ya fara in nuna.

A gindin wata ɗorawa kusa da asibitin akwai masu ciwon nan a jere suna karɓar ƙwayoyi, waɗansu da tsumma a ƙafa. Kawu ya kawar da kai ya yi salati. Ni kuwa na tsaya ina duba inda zan zauna a cikinsu.

Malamin asibitin dattijo ne mai furfura a gemu, da gajeren wando irin na ma'aikata. Kawu ya gaisa da shi ya koma baranda. Dattijon ya duba idona, ya sa na buɗe baki, ya ɗauki alƙalami zai sa hannu. Na ce, "Baba, akwai abin da ba ka gani ba." Na janye mayafi. Na gaya masa labarin mahaifiyata, na gaya masa kome, ban ɗaga kai ba.

Ya ajiye alƙalamin. Ya kai ni bakin taga, ya kama haɓata da hannunsa, haka nan ba tsumma, ya juya fuskata wajen haske. Wata biyu da rabi ke nan ba wanda ya taɓa ni.

"Wa ya yi miki wannan sassaƙar?"

"Ni ce. Da allura."

"Ke ce likitan, ke ce majinyacin. To rufe ido. Duk inda kika ji abu, sa yatsa a wurin."

Ya murza auduga ta yi siriri. Na ji ta a goshi, na nuna. A kunne, na nuna. A kan tabon, kamar ƙafar ƙuda, na nuna. Ya koma wani wuri ya dawo kansa, sau da yawa, yana sauya wuri don kada in yi zato. Ya kawo 'yan kwalabe biyu ya ɗora mini ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanne ne mai ɗumi. Ya lalubi gefen wuyana da bayan gwiwar hannuna. Ya kira wata ma'aikaciya ta shiga da ni bayan labule ta duba bayana da ƙafafuna. Da na fito ya kankare wurin kaɗan da gefen gilashi, ya nuna mini ɗan farin garin da ya fito.

"Ƙyasbi ne," ya ce. "Rabin 'yan makarantar kwana da shi suke dawowa. Zan ba ki man shafawa. Sauran kuma aikin allurarki ne, shi ma zai warke in kin bar shi."

Na ce, "Amma an gani. Wadda ta zana ni ta gani."

Na fito da takardar na shimfiɗa a teburinsa. Ya sa tabarau, ya ja da baya, ya matso.

"Ikon Allah. Wannan ke ce? Wa ya mare ki da shuni?" Ya bi ta da ido. "'Yata, ni ban san zane ba. Amma shekarata nawa a aikin nan, ban taɓa ganin kuturta ta kama riga ba."

Ya sa bayan alƙalami a ƙasan muƙamuƙin da ke takardar, ya gangaro. Launin nan bai tsaya a kunci ba. Ya tsallake inuwar wuya, ya sake fitowa a kan farar kwalar rigata, ja-ja mai haske, ya ɗan taɓa kafaɗa. Layi ɗaya ne, daga taga ya shigo. Wata biyu da rabi ina buɗe takardar nan sau uku a yini, ban taɓa sauke ido ƙasa da haɓa ba. Sai na tuna bangon jar ƙasa da ke bayan tagar ajinmu, yadda rana ta fito bayan ruwa ta buge shi, da ƙawata tana cewa kada in motsa, kada in daina magana, ta samu abin da take nema. A lokacin ina tsakiyar labarin akuya.

Na ce, "Ya girma, Baba. Da ba haka yake ba. Yana bajewa."

Ya ɗaga takardar ya karkata ta wajen taga.

"Ba girma ya yi ba, shafa shi aka riƙa yi. Fentin nan ba ya son damshi. Ga sawun babban yatsa nan, ga wani, ga wani. Mai shi ma yana cin goro." Ya miƙo mini. "Wa kike bari yana wasa da kayanki?"

Na karɓa na duba a hasken. Suna nan, zagaye-zagayen layin yatsa, ɗaya a kan ɗaya, duk daga ƙarƙashin ido zuwa kunne, yadda ake share wa yaro hawaye. Akwai guda ɗaya a haɓa. Akwatina ba shi da kwaɗo, kuma in na tafi rijiya mutum ɗaya ce take saura a ɗakin.

Ya sa hannu a takardar shaidar, ya buga hatimi, ya tura mini.

"Lafiyarki ƙalau. Ba ki da shi, ba ki kuma sa wa kowa ba. Ki je ki ci abinci da mutane."

Ana kiran azahar a masallacin kasuwa. Ina jin muryar Kawu a baranda yana tambayar wani ko motar Gubuchi ta kusa tashi. Malamin ya ɗauka ban ji ba, ya sake faɗa a hankali, "Kin ji ko, 'yata? Kin tsira."

Na ce na ji. Na sa babban yatsana a kan sawun Iya. Nawa ya fi shi girma kaɗan.